Ƙwaya Uku a Haɓar Zanen Fure

Duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwar maɗinka ta Kontagora bayan samun 'yancin kai ya san Inna Ruka. Ba girman jiki ne ya sa aka san ta ba. Gajeriya ce ƙwarai, har mijinta Jinaidu tela yakan ce yadi uku ya ishe ta riga da zane da ɗankwali, a samu ragowar yi wa jariri hula. Ita kuwa takan ce ai shi ya sa ya aure ta, ya san ba za ta cinye masa yadi ba.

Gajartar nan ce ta hana ta makaranta. A zamanin ƙuruciyarta ba a tambayar shekarun yaro, tunda ba kowa ke rubuta ranar haihuwa ba. Sai a ce ya ɗora hannun dama ta saman kai ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓo, ya isa shiga aji. In bai taɓo ba, a ce ya koma gida ya ƙara cin tuwo. Mahaifin Ruka malami ne ɗan malamai, yana kuma son 'yarsa ta yi boko. Shekara uku a jere ana kai ta layi, tana miƙa hannu har wuyanta ya karkace, ana sallamo ta. A ta huɗu da yatsun suka kai, sai aka dube ta aka ce ta yi wa aji ɗaya girma. Abin ya tsaya mata a rai. Sai da ta haifi 'ya'ya uku ta yaye su, sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu da rubutu, ta karɓo takardar shaida Jinaidu ya liƙa mata a bangon ɗaki.

A watan Janairu na shekarar da ta biyo bayan 'yancin kai, tana dawowa daga cefane ta bi ta ƙofar makarantar firamare, ta tarar da layin nan yadda ta bar shi. Wata yarinya da aka sallama ta riƙe ƙafar uwarta tana kuka, sanye da sabuwar rigar da Jinaidu ya ɗinka mata makon da ya wuce. Ruka ta tsaya da kwando a kai, ta ce wa uwar ta kawo mata ita gobe da safe. Da za a tambaye ta me za ta yi mata, ita ma ba ta sani ba. Washegari yara huɗu suka zo, ta shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. Kafin shekara ta zagayo sun kai ashirin, unguwa kuma ta sa wa wurin suna ajin masu gajeren hannu.

Ba ta da allo, ba ta da littafi, kuma ba ta ga amfanin a zaunar da ɗan shekara biyar yana rera baƙaƙen da bai san inda suka dosa ba. Abin da ta lura shi ne yaro bai san wata ba, bai san mako ba, amma ya san ranar da mangwaro ya nuna. Sai ta ce to, abin da lokaci ya kawo shi za a karanta. Da sanyi, sa'ad da yara ke zuwa da majina cikin tsofaffin rigunan yayyensu, a rana ake zama, a kwaɓa yumɓu a gina shanu da tukwane, kowa ya faɗi sunan abin da ya gina da amfaninsa. Da bazara sai ɗorawa. A ɓare, yara su jiƙa garin su shafa a tafin hannu su buga a bangon zaure. Daga nan aka san rawaya, aka san dama da hagu, kalwar kuma a jera ta a ƙasa ana ƙirge. Rabin kayan karatun a ciki yake ƙarewa, amma Inna Ruka ba ta damu ba, ta ce yaro ba ya manta sunan abin da ya ci. Da kaka kuwa gidan yakan koma kamar masussuka, kara ko'ina, ana ƙera motoci da tabarau, Jinaidu yana mitar cewa ƙaiƙayi ya shige masa keken ɗinki.

Babban darasi dai na damina ne. Tun shekarar farko ta tara tsofaffin garewanin kananzir da suka huje, ta cika su da ƙasa da taki, yaran nan huɗu suka shuka jar masara ranar da aka yi ruwan farko. Kowa ya riƙa shayar da tasa da ludayi daga rijiyar gida, yana auna tsawonta da nasa. Da ta nuna aka gasa aka ci, amma Inna Ruka ta ware goyo mafi kyau ta rataye a saman murhu, inda hayaƙi ke kore ƙwari. Da shi ajin shekara ta biyu ya yi shuka, su ma suka bar wa na bayansu. Takan nuna wa sababbin yara goyon da ya yi baƙi da hayaƙi, ta ce musu wannan saƙo ne daga yayyenku da suka wuce firamare. Masarar aji ake ce mata, kuma ko Jinaidu bai isa ya taɓa ta ba.

A shekara ta biyar aka kawo mata Fure. Ubanta Ɗantani manomi ne, Bakambare daga wani ƙauye kusa da Nasko, yakan zo Kontagora cin rani yana saƙar zana. A kakar da ta wuce matarsa ta rasu, tun daga ranar kuma yarinyar ta rufe bakinta. Ko Kambarci ba ta yi, balle Hausa. Ya taho da ita ne ya ajiye ta wurin ƙanwarsa Laraba da ke aure a unguwar, ko canjin wuri zai kwance mata harshe. Laraba ce ta ce a gwada ajin masu gajeren hannu. Ɗantani ya durƙusa daga bakin zaure ya yi wa Inna Ruka bayani da Hausarsa mai nauyi. Ya ce in yarinyar ta yi magana kafin damina, zai bar ta a gari ta shiga makaranta baɗi, don uwarta ta so haka. In ba ta yi ba, ranar da zai koma gona da ita zai koma, ta zauna wurin kakarta.

Inna Ruka ta amsa da ƙarfin gwiwa, don ta saba da yara masu kunya, mako biyu take buɗe musu baki. Fure ba irinsu ba ce. Ba ta kuka, ba ta faɗa, ba ta ƙin aiki. Saniyar yumɓun da ta gina ta fi ta kowa, har da tozo da hantsa, amma da aka tambaye ta sunan abin da ta gina sai ta sunkuyar da kai. In ana waƙa takan kalli bakin masu yi. In aka ce ta ɗauko kalwa biyar, biyar ɗin take ɗaukowa, alamar tana jin Hausar sarai. Inna Ruka ta yi lallashi, ta yi wasa, ta koyo kalmomin Kambarci wurin Laraba ta riƙa kwaɓa su da gangan ko yarinyar za ta gyara mata. Sau ɗaya ta ga gefen bakinta ya motsa, shi ke nan. Wata uku suka wuce haka. Ta fara son yarinyar fiye da yadda take so a gane, don ta san yadda ake ji in aka dube ka aka ce ba ka isa ba.

A shekarar ce kuma maƙwabcinsu Malam Muhyiddin ya ara mata kangon da ke bayan gidansa, ya ce yara su daina noma a garwa kamar masu reno. Murna ta kama Inna Ruka. Ta sa aka share, aka kewaye da zanar Ɗantani saboda awaki. Sai dai ita 'yar malamai ce, jikar malamai, matar tela. A danginsu kaf ba wanda ya taɓa yin kanta a hannu saboda fartanya. Shekara huɗu tana shuka ranar ruwan farko tana samun masara, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa ludayi ne ke raya ta.

Wata ranar Talata cikin Afrilu hadari ya taso da hantsi, aka yi ruwa mai ƙara na ɗan lokaci, ƙasa ta yi ƙamshi. Yara suka yi ta tsalle. Inna Ruka ta sauko da masarar aji daga saman murhu ta ɓare ta kaf, tunda bana fili ya samu, ba ta bar ko ƙwaya ɗaya a totuwa ba. Aka jera zuwa kango, kowane yaro ana zuba masa ƙwaya uku, ya tona rami ya rufe ya dawo a ƙara masa. Da aka zuba wa Fure nata, sai ta durƙusa ta cusa yatsunta cikin ƙasa. Sama-sama ce ta jiƙe, daga gaɓa ta biyu busasshiya ce. Ta ɗago ta kalli Inna Ruka, ta sake cusawa a wani wurin, ta sake kallonta. Inna Ruka tana fama da yara goma sha tara, sai ta ɗauka wasan ƙasa take yi. Ta karkaɗe mata hannu, ta ce maza ta shuka kamar kowa. Fure ta ja da baya, ta ƙulle ƙwayoyin a haɓar zanenta, ta koma gindin zana ta zauna. Ranar ce kaɗai Inna Ruka ta ji haushinta, har ta faɗa wa Jinaidu cewa yarinyar nan akwai taurin kai.

Masara ta tsiro a kwana na biyar, layi-layi, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta yi tas. Kwana goma, kwana goma sha biyar, ba ko gajimare. Rijiyar gida ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, abin da ake samu bai wuce na sha da girki ba. Inna Ruka ta riƙa tara ruwan wanke-wanke, yara suna kaiwa da ludayi, amma kango ba garwa ba ne, kafin a juya ƙasa ta shanye. Tsiron ya yi yaushi, ya nannaɗe, ya kwanta. Yara suka riƙa tambayarta ko barci masarar take yi. A mako na uku ba sauran kore a filin, ita kuwa ba ta iya kallon ƙusar da ake rataye masarar aji a saman murhu.

Ɗantani ya zo gyara zanar da iska ta karkatar, ya tsaya ya daɗe yana duban filin. Mutum ne mai kawaici, sai da Inna Ruka ta matsa masa. Sannan ya ce a wajensu ba a shuka da ruwan farko. Ana jira sai an tura hannu cikin ƙasa an ji laima har wuyan hannu, shi ya sa ma ta ga har yanzu bai tafi gida ba. Inna Ruka ta tuna da yatsun Fure cikin ƙasa, da kallon da ta yi mata sau biyu. Kunya ta rufe ta. Yarinya ta faɗa mata gaskiya da iyakar abin da take da shi, ita kuwa ta karkaɗe mata hannu.

Ta roƙe shi ya ƙara wa Fure lokaci, ko zuwa kaka. Ya girgiza kai cikin ladabi.

"Malama, kin yi ƙoƙari, Allah ya saka. Amma wata huɗu ke nan. In ba za ta yi magana ba, gara ta yi shirun a inda aka san uwarta."

Ta san ba ƙarya ya faɗa ba. Daga ranar ta shiga wani hali. Gari duka ana roƙon ruwa, ita ma tana ɗaga hannu tana cewa amin, amma duk sa'ad da ta hango hadari a gabas sai ta tuna ruwan ne zai raba ta da Fure. Ta daina matsa wa Fure da tambaya. Takan zaunar da ita kusa da ita kawai, ta ba ta tsinken kwakwa ko 'ya'yan kaɗanya ta jera. Wata rana da sauran yara suka tashi, ta riƙe hannun nan da ta karkaɗe, ta ce mata, "Kin gaya mini, ni ce ban ji ba. Ki yi haƙuri." Fure ta kalle ta, ba ta janye hannun ba.

Ruwan gaske ya zo a tsakiyar Mayu. Ya fara da la'asar, bai ɗauke ba sai da gari ya waye. Jinaidu ya samo mata masarar kasuwa a ɗan kwano, fara ce, ya ce yara ba za su bambance ba. Ta ce ita za ta bambance, amma ta karɓa. Da hantsi ta kai ajin kango. Ba a fara komai ba sai ga Ɗantani da Laraba, shi da buhunsa a kafaɗa, ita da ɗan ƙunshin kayan Fure. Ya ce motar Nasko ta kusa cika, ya kawo Fure ne ta yi sallama.

Inna Ruka ta ajiye kwanon, ta durƙusa don ta gyara wa yarinyar ɗaurin zane, ba don ya kwance ba. Fure ta zame daga hannunta. Ta wuce tsakiyar filin, ta durƙusa, ta tura hannu cikin ƙasa. Yatsu suka shige, tafi ya shige, har wuyan hannu. Ta zaro shi da taɓo, ta duba. Sannan ta sa haƙori ta kwance ƙullin da ke haɓar zanenta, wanda ya yi wata guda ko wanki ba ta yarda a taɓa shi ba. Ta dawo gaban Inna Ruka ta buɗe tafinta. Jar masara ce, ƙwaya uku.

"Inna," in ji ta, da murya a shaƙe kamar ta wanda ya tashi daga barci, "ƙasa ta sha. Yau ne."

Laraba ta dafe baki. Yara suka yi cirko-cirko, wata ta ce ashe tana magana. Inna Ruka ta san in ta yi guɗa ko ta rungume ta, yarinyar za ta koma cikin shirunta. Sai ta danne murnarta, ta tambaye ta kamar kullum suke hira, a ina za a sa. Fure ta nuna, ta ce nan. Ta ce kada a haɗa su rami ɗaya, a raba. Ta taka ƙasa da dunduniya, ta jefa ƙwaya, ta rufe da gefen ƙafa, ta yi taku ɗaya ta sake. Da aka raba wa sauran yara masarar kasuwa, bayanta suka bi suna kwaikwayo, tana waiwayowa tana ce wa wannan ya yi zurfi, wancan ya yi kusa. Hausar tana fita a karkace, amma tana fita.

Ɗantani ya juya wa mutane baya yana duban zanarsa, ya daɗe yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta. Da Inna Ruka ta matso, ya ce ba tare da ya kalle ta ba, haka uwarta take yi. Ita ke fita gwada ƙasa kowace shekara da yarinyar a gefenta, kuma abin da take dawowa ta faɗa masa ke nan, da Kambarci. Can ya karɓi ƙunshin kayan daga hannun Laraba, ya miƙa wa Inna Ruka.

"In na tafi da ita, wa zai yi wa masararta noma? Zan zo da kaka."

Biyu daga cikin ukun suka tsiro. Fure ta kewaye su da ƙaya saboda kaji, ta riƙa ba su labari da safe cikin harshe biyu. Suka ba da goyo uku, ba a gasa ko ɗaya ba, duka aka rataye a saman murhu. Da Janairu ya zagayo Inna Ruka da kanta ta raka ta layin firamare, ta tsaya daga baya tana murza haɓar mayafi. Yatsun Fure suka taɓo saman kunne da ƙyar. Aka tambaye ta sunanta, ta faɗa har na ƙarshen layi ya ji.

Inna Ruka ta ci gaba da ajinta har shekarar da Kontagora ta koma cikin Jihar Neja, lokacin da gwiwa ta fara hana ta durƙuso. A duk shekarun nan jar masarar ba ta yanke ba, kuma ba a sake shuka ta da ruwan farko ba. In aka yi ruwa yara suka taso mata da ihun a sauko da masara, sai ta zaɓi mafi ƙanƙanta a cikinsu, ta ce ya je ya tura hannu ya dawo ya gaya mata iyakar inda laima ta tsaya. Wata shekara wata yarinya mai yawan tambaya, da taɓo har gwiwar hannu, ta ce Inna wa ya koya miki wannan, tunda ke ba ki da gona.

Inna Ruka ta goge mata hannun a hankali da bakin zanenta.

"Wata mata ce daga wajen Nasko," in ji ta. "Ban taɓa ganinta ba. 'Yarta ta aiko."